Fayibar gidanmu: sauri ba laifi, amma ranar da ta katse ba ki da kowa

Tun da aka ga baƙar waya ta sauko daga turken wuta ta shiga ta tagar falona, matan layinmu ke tare ni da tambaya ko su ma su sa a ja musu. Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa, shi ya sa na zauna na rubuta ta. Sunan kamfanin ba zan kama ba. Ɗaya ne daga cikin masu jan fayiba, wato wayar da ke kawo intanet, gida-gida a nan Kano, kuma na shiga shekara ta uku ina biyan su.

Sai na fara faɗin sana'ata, don a san da wane ma'auni nake awo. Ina karantar da yara Alƙur'ani ta Zoom, yawancinsu 'ya'yan Hausawa ne mazauna Ingila da Amurka. 'Yan Ingila ba sa wahalar da ni, domin da bazararsu agogonmu ɗaya ne, da hunturu kuma awa ɗaya tal muke gabansu. 'Yan gabashin Amurka ne masu hana barci: muna gabansu da awa biyar ko shida, don haka yaron da ya taso makaranta ya ci abinci ya zauna gaban kwamfuta ƙarfe biyar na yammarsu, ni a nan goma ko sha ɗayan dare ta yi. Karatun Alƙur'ani kuwa aikin kunne ne. Ina sauraron madda ko an ja ta yadda ya kamata, ina sauraron gunna, ina sauraron ƙalƙala. Idan murya ta yanke na daƙiƙa ɗaya, ba ni da hanyar sanin ko yaron ne ya haɗiye harafi ko intanet ne ya haɗiye shi. Mai kallon fim zai iya jira hoto ya dawo. Ni in na jira, ayar ta wuce.

Ta fuskar sauri ba ni da ƙorafi, kuma ba zan ci haƙƙinsu ba. Kafin su zo da datar waya nake aiki, ina zagaye gida ina neman inda sabis ya fi ƙarfi, har na taɓa karantar da wata yarinya Suratul Mulk ina zaune a kan matattakalar bene. Da fayiba ta zo wannan ya ƙare. Tsarin da na ɗauka shi ne mafi ƙanƙanta a jerinsu, kuma ya ishe mu: ina cikin darasi, maigida na kallon ƙwallo a falo, yara na kan YouTube, murya ba ta rawa. Zoom kansa ba ya cin wani abin kirki, kiran mutum biyu bai kai Mbps 2 ba a ma'aunin saurin intanet. Abin da yake buƙata shi ne layi mai tsayuwa wuri ɗaya, musamman wajen aikawa, kuma a nan fayiba ta yi wa datar waya fintinkau. Ruwan sama ba ya taɓa ta. Wuta ma ba ta zama matsala ba, domin na sayi ɗan ƙaramin batir mai bolt 12 na rauta, na'urar da ke raba waifai a gida, irin wanda ake samu a kasuwar Farm Centre, yana riƙe ta awanni bayan an ɗauke wuta. Masu haɗawar ma sun yi aiki mai tsafta, sun bi jikin bango da wayar, ba su bar mini ita tana lilo a tsakar gida ba.

To, ba a nan gizo ke saƙa ba.

A jikin na'urar da suke maƙalawa a bango akwai 'yan fitilu a jere. Biyu ne suka dame ni: wadda aka rubuta PON da wadda aka rubuta LOS. Idan PON ta tsaya kore, lafiya lau. Idan LOS ta fara ƙifta ja, ma'anarta hasken da ke bin cikin wayar daga wajensu bai iso gidanka ba. Wato wayar ta katse a wani wuri, ko na'urarsu ta can ta mutu. Babu abin da za ka yi a cikin ɗakinka da zai gyara wannan. Na nanata haka ne saboda abin da zai biyo baya.

Katsewar waya a garin nan ba abin mamaki ba ce. Cikin fayiba gilashi ne siriri, bai wuce kaurin gashin kai ba, kuma mafi yawansa a unguwanni a sama yake rataye tare da wayoyin wuta. Babbar mota mai dogon lodi ta shigo layi ta fizge shi. Iskar farkon damina ta karya reshe ya faɗa masa. Wani ya ƙona shara a gindin turke. Ɓarawo ya yanke shi yana zaton tagulla ce a ciki, ya tarar ba komai, ya jefar. A manyan tituna kuma, inda aka binne shi a ƙasa, katafilar masu aikin hanya da magudanar ruwa ce ke tone shi. Matsalar ta kai gwamnatin tarayya a 2024 ta sa kayan sadarwa cikin jerin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Duk wannan na sani, kuma ban taɓa riƙe kamfanin da laifin mai tuƙa tirela ba. Abin da nake tuhumarsu da shi yana farawa ne daga lokacin da na ɗauki waya na kira su.

Za ka ji kiɗa, sannan muryar da aka naɗa tana gode maka da haƙuri, kuma katinka na tafiya, domin layin ba kyauta ba ne. Can sai wata ta ɗauka da ladabinta. In an yi sa'a mai jin Hausa ce, in ba a yi ba sai a lallaɓa da Turanci.

"Barka da yamma Hajiya, da me zan taimaka miki?"

"Intanet ɗina ya ɗauke tun azahar. Fitilar LOS na ƙifta ja."

"Ayya, ki yi haƙuri Hajiya. Don Allah ki kashe na'urar, ki jira daƙiƙa talatin, ki sake kunnawa."

"Na yi. Ja take nunawa. Waya ce ta katse, maƙwabtana ma nasu ya ɗauke."

"To Hajiya, a nan ina ganin layinki yana aiki. Ko za ki duba ko wayarki na haɗe da waifai ɗin?"

A nan ne nake yin shiru in ja numfashi. Yarinyar ba ta da laifi, takarda aka ba ta aka ce ta bi daga sama zuwa ƙasa, kuma ko mutum ya ce mata turken ne ya faɗi yana kallonsa, sai ta ce ya kashe ya kunna. Abin da kwamfutarta ke nuna mata shi ne na biya kuɗin wata, shi take nufi da layi na aiki. Ba ta ganin ko haske na isowa, ba ta san wace unguwa ce ta ɗauke ba, ba ta da lambar masu gyara. Na taɓa tambayar wata ko ta san inda Hotoro take, ta ce ita ba a Kano take ba. Ƙarshen hirar kullum ɗaya ne: za a ba ni lambar ƙorafi, a ce an tura wa sashen injiniyoyi, za su tuntuɓe ni cikin awa 24 zuwa 48. Gobe in na kira wata ce daban za ta ɗauka, mu koma kan kashe ki kunna. Muna ta jin gafara sa, ba mu ga ƙaho ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne saƙon da ke shigowa daga baya, wai an warware matsalata, an rufe ƙorafin, in ba su maki daga ɗaya zuwa biyar. Ina karanta saƙon, fitilar na ƙifta ja a gabana. Da na sake kira sai aka buɗe sabon ƙorafi da sabuwar lamba, awa 48 ɗin kuma ta fara daga farko. Fahimtata ita ce wani a ofishinsu ana auna aikinsa da yawan ƙorafin da ya rufe a kan lokaci, don haka yake rufewa ko an gyara ko ba a gyara ba. A takardunsu, doguwar katsewa ɗaya ta zama gajeru uku da aka magance kowacce cikin wa'adi. Wannan ba gazawa ba ce, ha'inci ne.

Suna da lambar WhatsApp ma. Na'ura ce ke amsawa, ta jero maka zaɓi, ka danna na huɗu ta mayar da kai na ɗaya. Ofishinsu na cikin gari kuwa, maigida ya je da kansa. An karɓe shi da fara'a, an ba shi kujera da ruwan sanyi, aka ce masa su nan sashen sayarwa ne, gyara ba a hannunsu yake ba, aka rubuta masa lambar da na kwana ina kira. Yana zaune a wurin aka yi wa wani sabon kwastoma alkawarin za a haɗa masa gobe.

Ku lura da wani abu. Ranar 14 ga Maris 2024, azumi bai yi mako ba, manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Intanet ya rikice daga Najeriya har Ghana da Laberiya da Benin, bankuna ma suka shiga wani hali, kuma gyaran ya ɗauki makonni domin sai da jiragen ruwa na musamman suka zo. Ramadan shi ne lokacin da ɗalibaina suka fi yawa, iyaye na son yara su yi tilawa. Na sha wahala a makon, amma raina bai ɓaci ba, saboda kowa ya san abin da ya faru, rediyo ta faɗa, hukuma ta faɗa. Na aika wa iyayen yara saƙo na yi musu bayani, muka sake tsara lokuta, ba wanda ya yi ƙorafi. Haka ma ƙarshen Oktoban 2024, da mafi yawan jihohin Arewa suka kwashe sama da mako babu wutar lantarki; sabis ya yi ta ɗaukewa yana dawowa, amma mun san dalili. In mutum ya san abin da ke faruwa, zai yi dabara. Abin da kamfanin nan ya kasa ba ni a ƙananan katsewar unguwa shi ne wannan ɗan bayanin: waya ta katse a wuri kaza, ba za mu iya zuwa ba sai jibi. Da sun faɗi haka, da na sayi data mai yawa tun da wuri, na sanar da iyaye, na huta. Maimakon haka sai a ce nan da awa biyu, in zauna ina kallon bango har lokacin darasi ya yi. Abin dariyar, watanni bayan an gyara wayoyin tekun, akwai wadda ta ce mini matsalar daga teku ce, alhali ina hango wayarmu a ƙasa, awaki na tsallake ta.

Uwar wani ɗalibina a Manchester ta taɓa turo mini saƙo cikin ladabi: "Malama, ko dai mu dakata sai abubuwa sun daidaita a wajenku?" Duk mai sana'a ya san abin da wannan ke nufi. Kuɗin darasin da ya faɗi ba shi ne damuwata ba. Yaron da aka zaunar da shi da alwala da Mus'hafi yana jiran malamar da ba ta bayyana ba, gobe sai an sha fama kafin ya zauna.

Mutum ɗaya ne a duk harkar nan zan yaba wa, wani matashi cikin masu gyara. Ranar da ya fara zuwa ya hau tsani ya sauko ya ce, "Umma, gaskiya ba daga gidanki ba ne. An yanke ta wajen kwalbatin bakin titi, kuma injin haɗawa yana hannun wasu a wata unguwa. Yau kam kada ki sa rai." Wannan ita ce magana mafi amfani da na taɓa ji daga bakin wani mai alaƙa da kamfanin. Daga wajensa na fahimci yadda abin yake. Fayiba ba a ƙulla ta da hannu a naɗe da salatif kamar wayar wuta. Sai an feƙe bakin gilashin biyu, an sa su cikin wani inji mai tsada ya daidaita su ya narkar da su su haɗe. Su masu gyaran ba ma'aikatan kamfanin ba ne kai tsaye, ɗan kwangila ne ya ɗauke su, injin kuma bai ishe su ba, karɓa-karɓa suke yi. A babur ɗinsa yake yawo, sau da yawa da man aljihunsa. Kuma ƙorafin da na shigar ta waya, in ji shi, wani lokaci sai ya kwana bai iso gare su ba.

Ya ba ni lambarsa, kuma tun daga nan shi nake fara kira. Ina ba shi na mai in ya zo, da zuciya ɗaya, don ya cancanta. Amma abin na damuna. Gyaran nan yana cikin kuɗin da nake biya duk wata. Kuma a hankali layinmu ya rabu biyu: masu lambar yaron, da masu kiran ofis. Akwai wata dattijuwa a ƙarshen layi da 'ya'yanta suka haɗa mata don ta riƙa ganin jikokinta ta bidiyo. Ita ofis take kira, kuma nata ne ke dawowa a ƙarshe, sai in na tuna na ce masa ya leƙa ta.

Sai maganar kwanakin da suka ƙone. Wata ake biya, kwana talatin, kuma agogon ba ya tsayawa don waya ta katse. Ranar da kuɗinka ya ƙare kuwa, ƙarfe sha biyun dare na bugawa za a yanke ka, a nan kwamfutarsu ba ta taɓa kuskure ko jinkiri ba. Da na nemi a mayar mini da kwanakina, an fara ce mini babu wannan tsarin. Ga abin da ya kamata kowa ya sani. A watan Mayun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya da na intanet su riƙa sanar da kwastomomi in an sami babbar katsewa, su faɗi dalili da yankin da abin ya shafa da lokacin da suke sa ran gyarawa, in aikin gyara ne da suka tsara kuma su sanar tun mako guda kafin nan. Idan katsewar ta wuce awa 24, su biya diyya daidai gwargwado, kamar ƙarin kwanaki. Gaskiya ne umarnin na magana ne a kan babbar katsewa, irin wadda ta shafi kashi 5 cikin 100 na kwastomomin kamfani ko ƙananan hukumomi biyar, ba wayar layi ɗaya ba. Duk da haka hukumar na da layin ƙorafi kyauta, 622, wanda ake kira bayan an kai kuka ga kamfani ba a share hawaye ba, kuma za a nemi lambar ƙorafin da kamfanin ya bayar. Saboda haka kada ku yar da lambobin nan.

Ni abin da na yi, na daina dogara da kira. Na rubuta musu imel, na jera ranaku da lambobin ƙorafi, na haɗa da hotunan jar fitilar da hoton saƙon da ya ce an gyara, na ce in ban ji daga gare su ba zan kai maganar 622. Washegari wani ya kira ni, a karon farko mutumin da ya san unguwarmu kuma ya karanta abin da na rubuta. An ƙara mini kwanaki, ba duka ba, kusan rabi. Ashe tsarin yana nan, sai dai ba a nuna shi ga wanda bai ɗaga murya ba.

Farashi ma ya tashi. A Janairun 2025 hukumar ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin 100, bayan sama da shekara goma ba a yi irin wannan ƙarin ba, kuma namu bai yi nauyin ƙafa ba wajen bin sahu. Ban yi musu a kan ƙarin ba, kowa ya san abin da dizal da dala suka zama. Na dai sa ran ko injin haɗa waya ɗaya za a ƙaro daga ciki. Saƙon ƙarin kuɗi ya iso kowace waya a rana ɗaya. Saƙon katsewa ban taɓa samun ko ɗaya ba.

Wasu na ce mini in koma Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, wanda ya shigo Najeriya a farkon 2023. Ƙanin maigida na da shi, kuma babu katafilar da za ta tone shi. Amma kuɗin kayan da na wata sun fi ƙarfin abin da karantarwa ke kawo mini, yana cin wuta fiye da abin da ɗan batirina zai ɗauka, ruwa mai ƙarfi kan sa shi tangarɗa, kuma shi ma in ya sami matsala rubutu za ka yi a manhaja ka jira. Don haka na zauna a kan fayibar, amma na canza zama. Na daina biyan wata uku a haɗe duk da rangwamen da suke yi, wata-wata nake biya. Ina da ƙaramar na'urar MiFi, mai ba da waifai daga layin waya, da layin wani kamfani daban, kullum da data a ciki, kuma kafin kowane darasi nakan gwada ta. Wato ina biyan intanet biyu don in sami ɗaya tabbatacce, kuma duk mai lissafin ko fayiba ta fi araha ya sa wannan a lissafinsa.

Ga matan layinmu da ke tambaya: in don kallo ne da karatun yara da hira da 'yan uwa, ku sa a ja muku, za ku ji daɗinta mafi yawan kwanaki, kuma ta fi sayen data sauƙi ga gida mai mutane da yawa. In kuwa abincinku a kanta yake, kada ku shiga sai da madadi a hannu. Kafin ku biya, kada ku tambayi mai talla, ku tambayi gidan da ya shekara da ita a layinku kwana nawa ake ɗauka kafin a gyara in ta katse da damina. Ku sa a rubuta muku a takarda ko ana mayar da kwanakin da suka ƙone. Ranar da aka zo haɗawa kuma ku karɓi lambar wanda ya hau tsanin, ba ta wanda ya kawo fom ba.